Yadda za ka auna solar da za ta ishe gidanka kafin ka saya

Fara da duba bayan kowace na'ura, akwai takardar da aka rubuta wat nawa take ci. Ninka shi da awannin da take aiki a rana. Ƙwan fitila 5 masu wat 10 na awa 6 sun ci 300. Fanka 2 masu wat 60 na awa 8, 960. Talabijin da cajin waya, ka ce 240. Jimla 1,500, wato wutar da gidan ke ci a rana ɗaya.

Ƙara kashi 30 cikin 100 saboda wutar da ke salwanta a waya da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke aiki da ita), ya kusa 2,000. Raba shi gida 5, wato awannin rana mai ƙarfi a Arewa. Kana buƙatar farantin solar na wat 400.

A batir mutane suka fi yin asara. Batir mai ruwa na 12V 200Ah yana ɗaukar 2,400 (12 sau 200), amma rabinsa kaɗai ya kamata ka sha. In kana tatse shi ƙarƙaf kullum, da wuri zai mutu. Tunda fanka da dare take aiki, sayi batir biyu.

Inbata mai 1kVA ta isa, muddin ba za ka jona dutsen guga ko hita ba.

Wajen haɗawa, jona batir da kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir) tukuna, sannan faranti, don kada kwantirolar ta lalace. Farantin ya fuskanci kudu, ya ɗan karkata. Lokacin hunturu riƙa goge ƙurarsa da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi.