Yadda na gyara zanen sin(x) da ya ƙi lanƙwasa

Kwana biyu ina fama da kalkuleta ta TI-84 Plus. Na shigar da sin(X) a Y1, layin da ake rubuta lissafin da ake son zanawa, na danna GRAPH, maimakon igiya mai hawa da sauka sai wani layi ya fito a kwance, kamar an manna shi a jikin layin x.

Na fara zargin baka-biyu, na goge na sake rubutawa. Na kashe Plot1, har batir na canza. Duk a banza.

Ashe matsalar tana cikin MODE, ni ne na bar shi a DEGREE, wato awon kusurwa da digiri, tun wani lissafin kusurwa. Ga shi allon yana nuna x daga -10 zuwa 10 kawai. Sin na digiri 10 kusan 0.17 ne kawai, alhali igiyar sai ta kai digiri 360 take cika zagaye ɗaya. Ina za ta lanƙwasa? A radiyan kuwa, ɗaya ma'aunin kusurwar, 2π ya ishe ta, wato kusan 6.28.

Sai na danna MODE, na sauko layin RADIAN DEGREE, na ɗora a kan RADIAN, na danna ENTER. Daga nan ZOOM, sannan 7, wato ZTrig, mai daidaita allon don zanen irin su sin. Nan take igiyar ta bayyana.

Ta ɗan yi mini gajarta, sai na shiga WINDOW na sa Ymin (iyakar ƙasan allo) -2, Ymax (iyakar sama) 2. A nan ma na yi tuntuɓe: maɓallin ragi na danna, na'urar ta ce SYNTAX, wato kuskuren rubutu. Ƙaramin (-) da ke ƙasa kusa da ENTER ake so.

Alhamdulillahi, na gode wa abokin karatuna da ya ce in leƙa MODE.