Darasi na Bakwai: Yadda Ake Taimakon Sabon Shiga a Linux

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta tun daga kunnawa har kashewa. Windows ɗaya ce daga cikinsu, haka macOS, haka Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991 a ƙasar Finland. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 sai da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Shi ya sa masu irin waɗannan kwamfutoci ke neman wanda zai nuna musu Linux. Idan ku aka tambaya, ga yadda za ku bi.

Kafin ku ba da amsa, ku yi tambaya. Wace irin kwamfuta ce? RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, nawa? Wane aiki mai kwamfutar yake yi da ita? Linux Mint, wani nau'in Linux da ya dace da sabon shiga, tana tashi da RAM gigabait 2, amma sai da 4 ake jin daɗinta, kuma tana son fili gigabait 20 aƙalla. In matsala ya kawo, kada ku tsaya kan "ta ƙi yi". Ya ɗauko hoton fuskar kwamfutar, ya faɗi abin da ya danna na ƙarshe.

Abu na biyu, kuma shi ya fi komai nauyi: ya kwafe hotunansa da takardunsa zuwa wani faifai na waje, ya buɗe kaɗan daga ciki ya tabbatar sun kwafu. Wajen saka Linux akwai zaɓin da ke goge faifan kwamfuta baki ɗaya, kuma wanda bai saba ba yakan danna shi bisa zaton Windows kawai zai tafi. Komai ne ke tafiya. Kada ku bari ya wuce wannan mataki ko da yana sauri.

Daga nan a samo filash mai gigabait 8 wanda babu komai a ciki, domin za a share shi. A sauke Linux Mint daga shafinta na asali, a rubuta ta a filash ɗin da manhajar Rufus ko ta balenaEtcher. Jefa fayil ɗin cikin filash kamar waƙa ba ya aiki, kwamfuta ba za ta tashi da shi ba. A sake kunna kwamfutar ana danna maɓallin zaɓin tashi: yawanci F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. Linux za ta buɗe daga filash ba tare da ta taɓa faifan ciki ba. Nan ne wurin gwaji. Ya gwada intanet, ya gwada sauti da kyamara da na'urar buga takarda. Abin da ya ƙi aiki a nan, a nemo maganinsa kafin a saka.

Bayan an saka, abubuwa kaɗan ne ke rikita kusan kowa. Fayil mai ƙarewa da .exe na Windows ne, a Linux ana ɗauko manhajoji daga Software Manager. A madadin Word da Excel akwai LibreOffice. Idan ya rubuta kalmar sirri a Terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, a wasu nau'o'in Linux babu abin da zai bayyana, ko ɗigo ɗaya. Da gangan aka yi haka, ya rubuta ya danna Enter. Sannan Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami, wato Hoto.jpg daban, hoto.jpg daban.

Kada ku turo masa umarni ku ce ya liƙa kawai, musamman mai farawa da sudo, domin sudo na ba da ikon canza komai a kwamfutar. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ku faɗa masa aikinsa, ya rubuta da hannunsa, ya gaya muku abin da ya fito. Ko kuna zaune kusa da shi, ku bar linzamin a hannunsa. Kalmar sirrinsa kuwa ba ta cikin abin da za ku nema.

Aikin yi: ku samo filash, ku tayar da kwamfuta ɗaya da Linux ba tare da kun saka ta ba, ku rubuta a littafinku maɓallin da ya buɗe zaɓin tashi da kuma abin da ya ƙi aiki.