Darasi na Tara: Neman Gidan Tsakiya

Ɗalibai biyar su tashi su jeru, daga gajere zuwa dogo. Na uku shi ne na tsakiya: biyu sun fi shi tsawo, shi kuma ya fi biyu. Da wannan dabara Hukumar Ƙidaya ta Amurka take auna abin da gidaje ke samu a shekara a kowace gunduma. Gunduma a can yanki ne da ke ƙarƙashin jiha, kamar ƙaramar hukuma, kuma suna da fiye da 3,000.

Ku ɗauki alli. A ce wata unguwa gida biyar ce, ga kuɗin shigarsu na shekara da dala: 30,000, 40,000, 50,000, 60,000, sai gidan wani attajiri mai 820,000. In an tara an raba daidai, kowa ya tashi da 200,000. To, wane gida ne a cikin huɗun nan ya taɓa ganin 200,000? Babu. Dukiyar mutum ɗaya ce ta rinjayi lissafin. Amma in aka jera su aka ɗauki na tsakiya, 50,000 za a samu, kuma wannan ya fi kama da zaman unguwar. Ko attajirin ya ninka arzikinsa sau goma, gidan tsakiya yana nan inda yake. In gidajen shida ne ko takwas, sai a haɗa biyun tsakiya a raba biyu.

A lissafin hukumar, gida shi ne duk waɗanda ke zaune a muhalli ɗaya, ko dangi ne ko ba dangi ba. Ana haɗa abin da duk mai shekara 15 zuwa sama yake samu, kafin a cire haraji.

Adadin da hukumar ke fitarwa ƙiyasi ne. Me ya sa ake cewa ƙiyasi? Saboda ba kowace ƙofa ake ƙwanƙwasawa ba. Uwargida ba ta shanye tukunya don ta ji ko gishiri ya ji. Motsawa take yi, ta ɗanɗana cokali guda. Tun 2005 hukumar ke aika tambayoyi duk shekara, yanzu zuwa gidaje kusan miliyan uku da rabi. A gundumar Los Anjelis, mai mutum kusan miliyan 10, cokalin cike yake. A gundumar Lobin ta jihar Teksas kuwa, mutum 64 kacal aka ƙirga a 2020, cokalin ko jiƙewa bai yi ba. Shi ya sa ba a fitar da sakamakon shekara ɗaya na wannan bincike sai ga yankin da ya kai mutum 65,000. Ƙananan yankuna sai an tara musu na shekara biyar. Akwai kuma wani ƙiyasin na shekara-shekara ga kowace gunduma, wanda ake haɗa amsoshin da bayanan haraji. Duk adadin da aka fitar, ana rubuta iyakar kuskurensa a gefe. In aka ce 50,000 da ƙari ko ragin 4,000, badi kuma aka ce 52,000, kada ku yi saurin cewa an samu ci gaba. Ƙila cokalin ne ya bambanta.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne kwatanta shekaru masu nisa. A 2000, gidan tsakiya a duk Amurka yana samun kusan dala 42,000. A 2023 ya kai 80,610. Wanda ya dubi lambobin kawai zai ce an kusa ninkawa. Sai dai kayan da dala 100 ke saye a 2000, sai an ba da kusan 177 a 2023. Ku ninka 42,000 da 1.77, za ku ga ta haura 74,000 kaɗan. Ashe ƙarin gaskiya wajen 6,000 ne cikin shekara 23, sauran duk tsada ta cinye. Ni a ganina, duk jadawalin da bai faɗi ko an cire hauhawar farashi ba, a ajiye shi gefe tukuna.

Ku kuma lura, adadin gunduma yana iya tashi ba tare da aljihun kowa ya ƙaru ba. In masu hali suka tare a wurin, haya ta kori masu ƙaramin ƙarfi, gidan tsakiya ya canza ke nan.

Aikin gida: ga kuɗin gida shida a cakuɗe: 45,000, 28,000, 90,000, 36,000, 300,000, 51,000. Ku jera su daga ƙarami zuwa babba, ku fitar da na tsakiya. Sannan ku tara ku raba shida, ku zo da amsoshin biyu ranar darasi mai zuwa.