Daɓen kicin na kasuwanci: binil ko linoliyam?

Kusan duk wanda ya kira ni in duba masa ƙasan kicin, kalma ɗaya yake faɗa: leda. Binil leda, linoliyam ma leda. Ba na ganin laifinsa, domin dukansu a naɗe suke zuwa, faɗin mita 2, kuma da gam ake manna su. Amma ba daga abu ɗaya aka yi su ba, kuma a kicin ɗin otal ko gidan abinci, inda ruwa da maiƙo ba sa barin ƙasa, wannan bambancin shi ne komai.

Ka fara da juya samfurin da aka miƙo maka. In ka ga bayansa saƙa ce irin ta buhun algarara, ka shinshina ka ji ƙanshin mai, linoliyam ne a hannunka. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Walton, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1860, kuma har yau haɗin bai canza sosai ba: man linsid (man 'ya'yan wata shuka) da aka bari ya sha iska har ya daskare, ƙaron itace, garin katako, garin dutse da launi, a matse su a kan algarara. Binil kuwa roba ce ta PVC da aka haɗa da sinadaran da ke sa ta laushi. Ruwa ba ya ratsa ta.

Ina son linoliyam, kuma na shimfiɗa shi da yawa a ajujuwa da barandun asibiti. Launinsa har ciki yake, ko ya ƙarje ba ya nuna wani launi daban, kuma in an kula da shi yakan yi shekaru 30 ko fiye. Amma ba na sa shi inda ake girki. Dalilin kuwa duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa sabulu ya san shi: mai da soda in sun haɗu, soda ce ke cinye man. To linoliyam mai ne da ya daskare, su kuma sinadaran da ake wanke maiƙon kicin da su dangin soda ne, an yi su ne musamman don su narkar da mai. Kullum dare mai wanki yana zuba wa daɓen abin da ke cin jikinsa. Da farko launin zai dusashe ya koma ɗorawa-ɗorawa, sannan fuskar ta yi kaushi, ta fara tsagewa.

Na taɓa ɗaga wani da bai cika shekara 2 ba, a gaban wurin wanke tukwane na wani otal. Da na sa wuƙa a bakin haɗin, sai ya taso kamar ɓawon itace. Algararar da ke ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ta jiƙe sharkaf har kusan taku 3 daga inda ruwan ya shiga, warin kuwa sai da muka buɗe tagogi. Mai wurin ya ce mini, "Malam, ai mai tsadar na saya." Gaskiya ya faɗa. Kaya ne mai kyau, wurin ne ba nasa ba.

Sai dai kada ka ji na ce binil ka je ka ɗauko kowane iri. Na ɗakin kwana, mai sheƙi da soso a bayansa, da wanda ke zuwa a yanke kamar katako, duk ba na kicin ba ne. Wanda kake nema shi ne mai hana santsi, wanda aka cusa wa ƙananan tsakuwoyi masu tauri a jikinsa. In ka shafa shi da tafin hannu za ka ji shi kamar takardar goge katako mai laushi. Kamfanoni irin su Altro, Polyflor, Tarkett da Forbo duk suna yin sa. Kaurinsa yakan kama daga milimita 2 zuwa 3, kuma inda ake jan amalanken kaya ni na milimita 3 nake zaɓa.

Ka nemi takardar bayanin kayan, ka duba harafin R. Ma'auni ne na Jamus: ana zuba mai a kan daɓen, mutum ya taka, ana ta karkata shi har sai ƙafarsa ta zame. Yana farawa daga R9 zuwa R13. Yawancin linoliyam R9 ne ko R10, wato ƙafa na zamewa tun karkatar ba ta kai digiri 20 ba. R12 kuwa yana riƙe mutum har ya wuce digiri 27, kuma shi nake sa wa wurin suya da wurin wanki. In takardar ta Birtaniya ce, za ka ga PTV, wato nasu ma'aunin hana santsi, ka tabbatar ya kai 36 ko sama a jiƙe. Ka tuna mai ɗauke da tukunyar tafasasshen ruwa ba ya kallon ƙasa.

Rabin ingancin aikin yana hannun mai shimfiɗawa, don haka ka tsaya a kansa. Kada a manna komai a kan simintin da bai bushe ba. Sabon daɓe yana buƙatar kusan kwana 1 a kan kowace milimita ta kaurinsa, kuma ƙa'idar da muke bi ita ce danshinsa kada ya wuce kashi 75 cikin 100 a na'urar awo. Wanda ya ce maka ya taɓa da hannu ya ji ya bushe, ka nemi wani. Bayan an manna, a bar gam ɗin ya kwana, sannan a yi wa kowane haɗi walda da igiyar roba da iska mai zafi. A nan ma binil ya yi gaba, domin igiyar da ledar suna narkewa su zama abu ɗaya, alhali a linoliyam igiyar cike ramin kawai take yi ta manne. Sannan a lanƙwasa ledar ta hau bango kamar santimita 10 zuwa 15, ƙasan kicin ya zama tamkar faranti mai baki, babu kusurwar da datti zai maƙale. Bakin magudanar ruwa kuma a ɗaure shi da zoben ƙarfe mai matse leda. In aka yanke kawai aka shafa gam, daga nan ɓarna za ta fara.

Binil ma yana da nasa rauni. Zafi ne maganinsa: ka sauke tukunya daga wuta ka dire a kansa, zai narke ya bar tambari, linoliyam kuwa ƙonewa kawai yake yi a sama, wani lokaci har a iya goge tabon. Don haka ƙarƙashin tanda da manyan murahu nakan ba da shawarar farantin ƙarfe ko tayil, a kuma yi amfani da gam mai haɗi biyu, wanda ake gauraya kashi biyunsa kafin a shafa, a kewayensu. Baƙar roba ma tana bar wa binil tabon da ba ya fita, sai a kula da tayoyin amalanke da ƙafafun tebur.

To ina linoliyam zai zauna? Zauren cin abinci, ofis, da sito na busassun kaya, inda sabulu mai sauƙi da ɗan ruwa ya isa. A can zai daɗe ya kuma yi kyau.

Ranar da nake miƙa aiki, nakan kira mai wankin kicin da kansa, ba manaja kaɗai ba. Mofa ba ta wanke daɓe mai tsakuwa, shafe maiƙon kawai take yi ta cusa shi tsakanin tsakuwoyin, cikin 'yan makonni santsin da aka guda ya dawo. Nakan nuna masa: ya zuba sinadarin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin jarkar, ya bar shi ya jiƙa na 'yan mintuna, ya dirje da buroshi mai doguwar ƙota, ya ja ruwan zuwa magudana, sannan ya ɗauraye da ruwa mai tsabta. Man sa ƙyalli kuwa kada ya kusanci wurin ko sau ɗaya.