Yadda Za Ka Auna Dalilinka Kafin Ka Shiga Aikin Soja

Idan aka tambayi matashin da ke tsaye a layin ɗaukar kurata abin da ya kawo shi, galibi amsar da za a ji ita ce kishin ƙasa, domin ita ce amsar da ya san ana son ji. Ba lallai ne ƙarya yake yi ba, sai dai da wuya a samu wanda dalili ɗaya tak ya kai shi bariki. A ƙarƙashin kishin akwai neman albashi mai tabbas, akwai son karatu ko sana'a, akwai mahaifin da ya yi ɗamara kafin shi, akwai kuma wanda zaman gida ne ya ishe shi yake neman mafita. Babu abin kunya a cikin ko ɗaya daga waɗannan. Abin da ke jawo da-na-sani shi ne mutum ya sa hannu alhali bai san wanne ne ainihin dalilinsa ba, domin aikin soja yana biyan wasu buƙatu sosai, wasu kuwa ba ya ko kusantar su.

Ka fara da sanin ko a ƙasarka zaɓi ne ko tilas. A Koriya ta Kudu namiji mai lafiya yana yin wata 18 a rundunar sojan ƙasa ko yana so ko ba ya so, yayin da Amurka ta daina ɗaukar soja na dole tun 1973, Birtaniya kuwa ta sallami na ƙarshe daga cikin nata a 1963. Wannan tsari kan sauya idan tsaro ya taɓarɓare, kamar yadda Suwidin ta dakatar da shi a 2010 sannan ta dawo da shi a 2017, a wannan karon har da mata. Ka kuma duba shekarun da doka ta yarda da su. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 ta hana tilasta wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma wasu ƙasashe suna karɓar ɗan sa-kai ƙasa da haka da izinin iyaye, Birtaniya daga 16, Amurka daga 17.

Idan ka tabbata zaɓi ne, sai ka keɓe kai kaɗai ka rubuta duk abin da ke jan ka, har da wanda ba za ka iya faɗa a gaban mai tantancewa ba. Daga nan ka riƙa soke su ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar kanka ko za ka tafi in babu wannan. Wanda ka soke ka ji sha'awar tafiyar ta mutu, shi ne dalilinka na gaskiya, kuma shi za ka ɗora a sikeli. A 1977 wani masanin zamantakewa a Amurka, Charles Moskos, ya bambanta masu ɗaukar soja a matsayin hidima mai alfarma da masu ɗaukarsa a matsayin aikin albashi kamar kowane aiki. Yawancin mutane suna tsakanin biyun, amma yana da kyau ka san ɓangaren da ka fi karkata, saboda abin da zai karya zuciyar na farko daban yake da abin da zai karya ta na biyu.

Kishin ƙasa shi ne dalilin da aka fi yabo, kuma a ganina shi ya fi buƙatar a bincike shi da kyau, domin yana da zafi ranar shiga, ga shi kuma ba ya ba mai shi ikon zaɓen yaƙin da za a tura shi. A 1914, da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, samarin Birtaniya sun yi tururuwa suna shiga bataliyoyin abokai, inda aka yi musu alkawarin cewa 'yan unguwa ɗaya ko ma'aikata ɗaya za su yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa. An cika alkawarin, amma a ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, 1 ga Yulin 1916, Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 19,000, kuma tun da tare suka tafi, tare aka yi ta kai saƙon mutuwarsu gida-gida a titi ɗaya. A zamaninmu akwai Pat Tillman, ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya ajiye kwantiragin dala miliyan 3.6 ya shiga soja a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, aka kashe shi a Afganistan a 2004 da harsashin 'yan uwansa sojoji bisa kuskure. Ba a kawo waɗannan don a rage darajar sadaukarwarsu ba. Manufar ita ce ka yi wa kanka tambaya mai nauyi: idan gwamnati ta sauya, aka tura ka aikin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ko aka ajiye ka gadin ma'ajiyar kaya shekara biyu ba ka ga fagen daga ba, kishin naka zai iya ɗaukar ka? Soja yana rantsuwa ne cewa zai bi halastacciyar hukuma, ba manufar da ta burge shi ranar da ya cike takarda ba.

Wanda neman abin rufin asiri ya kawo shi ya fi sauƙin auna dalilinsa, tun da lissafi ne, kuma runduna da yawa sun san da haka suke samun mutane. Dokar da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a 1944 ta biya wa miliyoyin mazan jiya na Amurka kuɗin karatu, har yau kuma tallafin karatu yana cikin manyan abubuwan da ke jan matasa a can. 'Yan Gurkha na Nepal suna yi wa Birtaniya aikin soja tun 1815, kuma dubban samari ne ke neman 'yan gurabe kaɗan kowace shekara. Rundunar baƙi ta Faransa, wadda aka kafa a 1831, tana ba wanda ya yi shekara uku damar neman zama ɗan ƙasa. Sai dai kowace fa'ida tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya kamata ka karanta kafin fa'idar. A Amurka cikakken tallafin karatu sai bayan wata 36 na hidima, fansho na wata-wata kuwa a bisa al'ada sai an cika shekara 20, alhali mafi yawan waɗanda suka shiga ba sa kaiwa nan. A Indiya, tsarin Agnipath da aka ƙaddamar a 2022 yana ɗaukar matashi na shekara huɗu, daga nan a riƙe waɗanda ba su wuce kashi 25 cikin ɗari ba, sauran a sallame su da kuɗin sallama ba tare da fansho ba. Wanda ya shiga irin wannan tsari yana zaton ya samu aikin dindindin, kallon kitse ya yi wa rogo.

Wannan ya kawo mu ga takardar yarjejeniya, inda ya kamata ka fi daɗewa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki. A sauran ayyuka mutum yana iya rubuta takardar ajiye aiki ya kama gabansa, amma soja da ya tafi ba izini ya aikata laifi, kotun soja ce za ta ji da shi. Saboda haka ka nemi sanin shekarun farko da ba za ka iya fita ba, da abin da zai biyo bayansu. Kwantiragin farko a rundunar baƙi ta Faransa shekara biyar ne. A Amurka, ko da mutum ya sa hannu kan shekara huɗu cikin kaki, jimillar abin da ke wuyansa shekara takwas ne, ragowar yana cikin jerin waɗanda za a iya kira in buƙata ta taso, kuma lokacin yaƙin Iraƙi da Afganistan an riƙe dubban sojoji bayan wa'adinsu ya cika. Ka tambaya ko akwai 'yan makonnin farko da kurtu zai iya janyewa ba tare da hukunci ba, kamar yadda Birtaniya ta tanada. Duk alkawarin da mai ɗaukar soja ya yi maka da baki, na wurin aiki ko na sana'a ko na alawus, ka ɗauka babu shi har sai ka gan shi a rubuce.

Ka kuma san cewa soja ba aiki ɗaya ba ne. Bayan kowane mai riƙe da bindiga a gaba akwai direbobi, makanikai, ma'aikatan jinya, injiniyoyi, masu sadarwa da masu kula da kaya, kuma a rundunonin zamani su ne suka fi yawa. Idan sana'a kake nema, ka bincika ko takardar shaidar da za a ba ka tana da amfani a wajen bariki, domin akwai gwanintar da ba ta da kasuwa ranar da aka tuɓe kaki. Hanyar hafsa ma daban take da ta kurtu: kwas ɗin Sandhurst, makarantar hafsoshin Birtaniya, mako 44 ne, na West Point, ta Amurka, shekara huɗu tare da digiri, sannan shekara biyar na hidimar da ba makawa.

Gado da son ganin duniya ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗan soja ya san rayuwar bariki, amma ya tabbata ba tsoron ɓata wa mahaifi rai ne ke tura shi ba. Mai neman kasada kuwa ya sani cewa yawancin kwanakin soja fareti ne, da gadi, da goge takalmi, da jira.

Akwai abin da tallan ɗaukar soja ba ya nunawa, wanda dole ka fuskanta tun kana gida. Ana iya umartarka ka kashe mutum, ana kuma iya kashe ka ko ka dawo da rauni a jiki ko a ƙwaƙwalwa. Ciwon firgici na bayan tashin hankali, wanda likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka sanya a kundinsu a 1980, yana iya bin mutum shekaru bayan an daina harbi. Biyayya ita ce ginshiƙin aikin, amma tana da iyaka, domin tun shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus daga 1945 zuwa 1946 aka tabbatar cewa “umarni aka ba ni” ba ya wanke wanda ya aikata ta'asa, kuma yarjejeniyoyin Janiba na 1949 sun kare fursunan yaƙi da farar hula. Wanda bai shirya bin umarnin da ya ƙi ba, ko ƙin umarnin da ya fito fili ya saɓa wa doka, bai gama shiri ba.

Kafin ka yanke shawara, ka nemi tsofaffin sojoji aƙalla uku waɗanda ba su da riba a shigarka: wanda ya yi ritaya da daraja, wanda ya fita da wuri, da wanda ya ji rauni. Ka tambaye su abin da ya kai su, sannan ka tambaye su abin da ya riƙe su, za ka ga amsoshin sun bambanta. Binciken da Edward Shils da Morris Janowitz suka wallafa a 1948 kan sojojin Jamus na yaƙin duniya na biyu ya nuna cewa abin da ya fi hana yawancinsu watsewa ba aƙida ba ce, alaƙa ce da 'yan tsirarun abokan da suke ci tare suke kwana a rami ɗaya. Ka zauna da iyalinka ma, musamman in kana da mata ko 'ya'ya, domin su za su ɗauki sauye-sauyen wuri da watannin da ba ka nan.

Idan bayan duk wannan ka ga dalilinka yana nan daram, sai ka shiga shiri, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara gudu da motsa jiki watanni kafin gwaji, ka haɗa takardun karatu da na haihuwa na gaskiya, ka kuma faɗa wa likitan tantancewa duk wata cuta da kake da ita, domin ɓoye ta yana iya jawo kora ko hukunci daga baya. Ka nemi gurbi ta hanyar hukuma kaɗai, ka guji duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya shigar da kai. Ranar da aka miƙo maka takardar, ka nemi kwafi ka tafi da shi gida, ka ba wani mai ilimin doka ko tsohon soja ya duba tare da kai, ka kuma bar 'yan kwanaki su wuce kafin ka koma da alƙalami.