Kafin a sayi regileta ga tsohuwar mota

Duk mai neman regileta, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar cajin batir, ga tsohuwar mota, ya fara tantance ko dainamo ce take yi wa batirin caji ko altaneto, domin regiletar ɗaya ba ta aiki da ɗayar. Sannan ya duba ko wutar motar bolt 6 ce ko 12, da kuma wace wayar batir aka haɗa da jikin mota, tunda tsofaffin motocin Ingila da yawa wayar fosatif, wato mai alamar +, ce a jikinsu. Lambar da ke kan tsohuwar regiletar, ta kamfanin Lucas ce ko ta Bosch, ita ce abin dogaro, don kamannin akwati yakan yaudari mai saye. Bayan an ɗaura, a auna ƙarfin wutar cajin da mita: a mota mai bolt 12, ya kamata ta nuna kusan 14 idan an ɗan taka totur.