Yadda za ka ƙirga hiliyum ɗin farkon halitta da kalkuleta

Kalkuletar wayarka ma ta isa, in dai tana da maɓallin eˣ. Da ita nake nuna wa ɗalibaina.

Fara da wannan: niyutron da furoton su ne ƙwayoyin da ke gina cibiyar atom, har da ta iskar hiliyum, kuma niyutron ya ɗara furoton nauyi da MeV 1.29 (MeV ma'aunin makamashi ne, a nan da shi ake auna nauyi da zafi). Kimanin daƙiƙa ɗaya bayan Babbar Fashewa, wato mafarin sararin samaniya, zafi ya sauka zuwa wajen MeV 0.72, sai niyutron da furoton suka daina rikiɗa suna komawa juna. Raba 1.29 da 0.72, ka sa wa amsar alamar ɗebewa, ka danna eˣ. Za ka ga 0.167, wato niyutron ɗaya ga furoton shida.

Da saura. Niyutron da ke yawo shi kaɗai ba ya daɗewa, matsakaicin ransa daƙiƙa 880 ne, ga shi sai ya jira minti biyu zuwa uku kafin haske ya bar farfasa dutiriyum, wato haɗin furoton ɗaya da niyutron ɗaya, wanda shi ne matakin farko na gina hiliyum. A wannan jira wasu sun ruɓe, don haka ninka da 0.86, ka samu 0.143. Kusan duk niyutron da ya rage yana ƙarewa cikin hiliyum, kowanne tare da furoton ɗaya, don haka ninka wannan sau biyu, ka raba da jimillar niyutron da furoton, wato 1 a tara da 0.143, 1.143 ke nan. Amsa 0.25: rubu'in nauyin abin da ya samu hiliyum ne. Masu auna hasken ƙananan gungun taurari suna samun kimanin kashi 24.5 cikin ɗari.

Yanzu sai ka taɓa lambobin da ake cewa ba sa canzawa. Mayar da 1.29 ya zama 1.42, ka sake bin matakan: hiliyum ya faɗo kashi 21. Amma kar ka riƙe wannan da hannu biyu, domin idan tazarar nauyin ta ƙaru, niyutron zai fi saurin ruɓewa, ainihin amsar ta fi haka ƙasa.

Sai ƙarfin jan nauyi, G, wanda masanin kimiyya Paul Dirac ya yi hasashe a 1937 cewa yana raguwa da tafiyar zamani. Da a ce G ya kusan ninka na yau, da sarari ya fi saurin buɗewa, rikiɗar ta tsaya da wuri, wajen MeV 0.80. Sa wannan a gurbin 0.72, hiliyum ya haura kashi 29, abin da babu mai awon da zai yarda da shi. Ni a ganina wannan ce hujja mafi sauƙin dubawa cewa G bai motsa sosai ba.

Litiyum kam, wani sinadari mara nauyi da shi ma ya samu a lokacin, ka bar wa kwamfuta. Lissafi yana ba da kusan ninki uku na abin da ake gani a tsofaffin taurari, shi ya sa wasu masana ke gwada sauya MeV 2.22 da ke ɗaure dutiriyum, ko giɓin zai rufe.